Tayar da Ta Mai da Ni Mesa

Ko tsufa ya kwashe mini duk abin da ke cikin kaina, ba na jin zan manta da ranin da mutanen ƙauyenmu suka taru suka haƙa mini rami. Rami na gaske nake nufi, wanda aka haƙa da diga da shebur, aka ɗaure kaza a ciki. Kuma duk wannan abu ya samo asali ne daga zaɓen tayar keke.

Ni ma'aikacin gwamnati ne a Dutse, ina haya a Limawa. Lokacin da fetur ya yi tashin da kowa ya sani, sai na jingine mashin ɗina na shiga neman mafita. Abokin aikina Sagir, wanda bai taɓa ba ni shawarar da ta ƙare lafiya ba, shi ya kai ni Kano wurin masu kayan gwanjo, aka fito mini da wani keke mai caji. Na hawan duwatsu ne, ƙirar ƙasar Turawa, ga batir a cikinsa, ga nauyi kamar ɗan maraƙi. Da ka taka feda sai injin ya karɓe ka ya yi gaba da kai shiru, ba hayaƙi ba ƙara. Na hau na zaga layin na dawo bakina har kunne, tun kafin a fara ciniki mai kayan ya san ya samu nasa.

Aibinsa ɗaya ne, tayoyin sun suɗe sumul. To a nan halina ya motsa. Ni mutum ne da ko buroshin goge baki zan saya sai na yi bincike (na taɓa kwana biyu ina nazarin bokitin wanka, a ƙarshe na sayo mai yoyo). Na duƙufa kallon bidiyo a waya, wasu Turawa masu gemu a cikin daji suna ta bayanin taya. Su damuwarsu taɓo da jiƙaƙƙen saiwar itace da ƙanƙara. Ni kuwa a Jigawa damuwata rairayi ne, da dutse, da tsidau, ƙayar nan da ke kwance a ƙasa tana jiran mai keke kamar an yi mata alkawari.

Amma fa na ƙaru. Na koyi cewa keke mai caji ya fi na gida cin taya, saboda nauyinsa da kuma turin injin, don haka sai mai kaurin gefe. Na koyi cewa roba mai taushi tana kama dutse amma kwalta mai zafi tana lashe ta, mai tauri kuma tana daɗewa amma santsi gare ta. Tayar gaba ana so haƙoranta su yi manya don kwana, ta baya kuma su matsu don ja. Mai faɗi, in ka rage mata iska, tana tafiya a kan rairayi ba ta nutsewa. Akwai ma wadda ba ta da tib, wato robar ciki mai riƙe iska, wani farin ruwa ake ɗura mata kamar nono, in ƙaya ta huda ta sai ruwan ya toshe ramin da kansa. Na riƙa zuba wa Sagir wannan karatu a ofis har ya kai in ya hango ni sai ya kara waya a kunne ya fara gaisawa da wanda babu shi.

A ƙarshe na yanke hukunci. Na sa aka kawo mini wasu tayoyi biyu masu faɗin tafin hannu, marasa tib, zanensu ƙanana-ƙanana ne suna hawan juna kamar ɓawon kifi. Mai facin unguwarmu ya juya su ya sake juyawa, ya ce, "Yallaɓai, noma za ka yi da shi ne?" Na yi masa dariyar wanda ya san abin da yake yi. Na ce masa duk faɗin Jigawa babu mai irin wannan taya. Gaskiya na faɗa, kuma wannan gaskiyar ce ta kai ni rami.

Yanzu sai in faɗi abin da ban gaya wa Sagir ba. Duk wannan binciken rairayi ba don zuwa ofis ba ne, hanyar ofis kwalta ce. Ƙauyenmu yana kan hanyar Jahun, in ka sauka daga titi ka nausa cikin rairayi. A can Baffana Malam Jauro yake, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifin. Kusa da gidansa akwai gidan Alhaji Buba, mai shanu, mai ƙarancin magana, wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba. A gidan Alhaji Buba kuma akwai Sa'ade, malama a firamaren garin. Na fi shekara ina sonta, ban gaya wa kowa ba, har ita. Mu gidanmu kunya gado ce, ni kuma da aka zo rabo sai aka haɗa mini da kason wasu.

Ga dabarar da na ƙulla. Kowace Asabar, da na idar da sallar asuba, sai in kifa hular kwano in hau keke in miƙi hanya da sunan motsa jiki. In na isa ƙauyen gari bai gama wayewa ba. Niyyata kullum ita ce in tsaya a ƙofar gidan Alhaji in yi sallama, in gaishe shi, ko Allah zai sa a san da zamana. Amma da na hango zauren sai hannuna ya karkata kan keken da kansa, in bi ta bayan gida. Can akwai wata 'yar hanya a gindin danga, daidai inda mata suke hura wuta. Sai in tsaya, in sauke ƙafa ɗaya, in saurara ko zan ji muryarta. In na ji, shi ke nan, na samu na sati. In juya in koma Dutse.

Ba wanda ya taɓa jin zuwana, tunda keken ba ya ƙara. Baffa ma bai san ina da shi ba. Ya daɗe yana gaya wa mutane ɗansa babban ma'aikaci ne a birni, ban ga ta inda zan ɓullo masa a kan keke ba, ko da kuwa mai caji ne. In zan je gaishe shi motar haya nake shiga, in sa babbar riga.

Wata Lahadi da hantsi sai ga wayar Baffa. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba ya ce, "Ka zo yau. Gari ba lafiya."

Na shiga mota na tafi. Na tarar da maza sun yi cincirindo a bayan gidan Alhaji Buba, wasu da sanduna, wasu da adduna, an shata layi an hana kowa takawa. Na durƙusa na gaida manya, Baffa ya kama hannuna ya ja ni gaba ya nuna ƙasa.

"Dubi abin da ke zagaya gidan Alhaji."

Na duba. Ga shi nan shimfiɗe a kan rairayi, mai faɗin tafin hannu, da zanensa ƙanana-ƙanana masu hawan juna, yana tafe yana lanƙwasa. Ban taɓa tsayawa na kalli sawun tayata ba sai ran nan. Wallahi ya yi kyau. Sai da na fara jin daɗi kafin in tuna a bayan gidan wa nake tsaye.

"Mesa ce," in ji Baffa. "Kajin gidan Alhaji biyu sun ɓata. Akuyar Goggo Hajjo ma tun shekaranjiya ba ta cin abinci."

Kada mai karatu ya ɗauka mutanenmu ba su san sawu ba. Waɗannan mutane ne da in saniya ta ɓata za su bi ta har wata ƙaramar hukuma. An yi maganar taya tun farko. Amma aka ce in mashin ne ai da an ji ƙararsa, in keke ne kuwa ba a taɓa ganin keke mai wannan faɗi ba. Sannan wani dattijo ya kawo hujjar da ta kashe maganar: babu mai hankalin da zai tuƙa abin hawa yana irin wannan karkace-karkace. (A nan ina so in kare kaina. Tuƙi a rairayi da wuya, kuma Turawan bidiyo ba su yi wannan darasin ba.)

An riga an ɗauko wani gardi daga wajen Jahun, mutum mai layu tun daga damtse har wuya. Ya sunkuya yana bin sawun yana fassara wa jama'a, ni kuma ina biye kamar wanda ake karanta wa takardar sakamakonsa a gaban aji.

"Nan ta taho da ƙarfinta, kun ga a miƙe take. Nan da ta hango gidan sai jikinta ya fara rawa. Nan ta nufi ƙofa." Ya ɗaga yatsa. "Sai ta fasa. Ku dubi tsofaffin sawun, kullum a nan take fasawa."

"Matsoraciya ce ke nan," in ji wani.

"Matsoraciya ce ƙwarai. Amma naci gare ta."

Muka zagaya gindin danga. Gardin ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a nan take tsayawa ta yi lamo, tana sauraren mata. Na ga Alhaji Buba ya gyara riƙon sandarsa. Gaba kaɗan aka tarar da wurin da rairayi ya hargitse, gardin ya ce nan ta yi birgima don murna. Ba murna ba ce. Ranar Sa'ade ce ta yi tari a bayan dangar, na firgita na faɗi, keken ya danne ni.

Sai wani mai kaifin ido ya gano sawun takalmi a gefen na mesar. Ƙafa ɗaya tak, ta hagu, ba ta zo daga ko'ina ba, ba ta tafi ko'ina ba. Gardin ya girgiza kai ya yi salati, ya ce ta haɗiye mutum, ƙafar ce ta rage a waje take taɓa ƙasa. Nan take aka shiga lissafin mutanen gari gida-gida, aka ga kowa yana nan. Aka ce to baƙo ne, Allah ya jiƙansa. Na amsa da amin tare da kowa, ina tura ƙafata ta hagu cikin rairayi a hankali har takalmin ya ɓace.

Baffa ya juyo gare ni. "Kai da ka yi karatu, me ka gani?"

Ga dama ta samu. Kalma kaɗan ce, in ce Baffa keke ne, nawa ne. Amma in na faɗa, tambaya ta gaba ita ce me kekena yake yi a gindin dangar Alhaji kowace Asabar, kuma ga Alhajin nan tsaye da sanda. Na yi gyaran murya, na dubi sawun da idon masana, na ce, "Baffa, gaskiya babba ce."

Aka ce ka ji ko, ɗan boko ma ya tabbatar. Aka sa ni in ɗauki hoto in kai wa hukuma. Na tsuguna na ɗauki sawun tayata ta gabas, na ɗauka ta yamma, har na sa wani ya ajiye sandarsa a gefe don a ga faɗi.

Kafin a watse Alhaji Buba ya yi magana, kuma maganarsa ce ta hana ni barci. Ya ce daga yau mata ba za su ƙara hura wuta a bayan gida ba. In kuma ba a kama abin nan ba, tunda makaranta na hutu, zai tura Sa'ade Garki wurin ƙanwarsa ta zauna har a ga abin da hali ya yi. Ni na san gidan nan na Garki. Akwai ɗan ƙanwar tasa, mai mota, mai zaƙin baki, wanda ba a haɗa masa kason kunyar kowa ba. In Sa'ade ta shiga gidan nan, sai dai in ji ana rabon goro.

Mai hankali zai je ya sami Baffansa a keɓe ya faɗi gaskiya. Ni sai na koma bincike. Na zauna na yi nazari na gano cewa matsalar ba ni ba ce, taya ce. In na canza ta zuwa siririya irin ta kowa, mesa ta ɓace, hankali ya kwanta, Sa'ade ta zauna, ni kuma in ci gaba da sintirina cikin rufin asiri. Na koma wurin mai faci da wasu sirara guda biyu. Ya dube ni ya ce, "An gama noman ke nan?" Na ce masa ya yi aikinsa.

Asabar ta zagayo na tafi. Siririyar taya a rairayi azaba ce. Ta nutse, ta kauce, ta yi dama in na ce hagu, injin kuma bai san abin da ake ciki ba, turi kawai yake. Na zagaya bayan gidan da ƙyar, ban ji muryar kowa ba, a hanyar dawowa tsidau ya huda duka biyun. Na turo maraƙin nan da hannu har bakin titi, na roƙi mai a-daidaita ya ɗora mu.

Da yamma Baffa ya kira. Muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ɗan nan, ta haihu."

Na ce, "Wa, Baffa?"

"Mesar. An ga sawun ƙarami yau, hanya ɗaya da uwar, har inda take tsayawa ya tsaya. Wani ya ce kamar keke, amma gardi ya ce wane mai keke ne zai zo da asuba ya zagaya gida bai shiga ba? Ya ce ba ɗaya suke haifa ba, sauran suna tafe." Sannan ya ƙara da cewa Alhaji ya yanke, Asabar mai zuwa da safe Sa'ade za ta tafi Garki.

Satin nan ban san abin da na yi a ofis ba. Baffa ya yi ta kira, na ƙi ɗauka, don ina tsoron a ce in zo in ɗauki hoton jariri. (Da na ɗauka, da na ji labarin ramin. Wannan na daga cikin abubuwan da nake tunawa in ina wanka in yi tsaki ni kaɗai.) Ran Juma'a bayan masallaci na yi wa kaina faɗa sosai. Na ce kai wane irin mutum ne, gari guda ya hana kansa sakewa saboda kai, yarinya za ta bar gidan ubanta saboda kai. Gobe za ka je da keken, da tayoyin nan masu faɗi, ka tsaya a ƙofar gida ka yi sallama, ka nuna musu mesarsu, abin da zai faru ya faru. Na sa aka mayar da manyan tayoyin, aka ɗura musu sabon farin ruwa. Na goge farar shaddata.

Na iso ƙauyen rana tana shirin fitowa, shadda a jiki, hular kwano a ka. Na miƙe sambal zuwa ƙofar gidan, ina maimaita abin da zan faɗa. Sai na hango su. Maza ne zaune a ƙofar zauren, sun kai ashirin, kowa da sanda a kan cinya, Alhaji a tsakiya. Duk jarumtar da na kwana ina tarawa ta zube. Zuciyata ta ce, zagaya ta baya sau ɗaya kawai, ka daidaita numfashi, sai ka dawo. Hannuna bai jira na amince ba.

Na shiga 'yar hanyar gindin danga. Na lura rairayin ya yi laushi, an share shi tas, har na ce a raina Allah ya yi wa mai sharar nan albarka. Daidai inda na saba tsayawa na sauke ƙafa, sai ƙasa ta buɗe.

Zana ce aka shimfiɗa a bakin rami aka rufe da rairayi. Ni da keke muka tafi tare, ya riga ni isa, na sauka a kansa, sannan ban san yadda aka yi ba ya dawo kaina. Ramin ya fi tsayina. An kakkafa ƙayar aduwa a ƙasan, guda ta shige tayar baya, tayar kuwa tana sama tana juyawa, tana huci, tana fesa farin ruwan nan ko'ina, a fuskata, a shaddata, har waje. A kusurwa ga kaza ɗaure da igiya tana ihun neman agaji. Ni da ita muka dubi juna.

Sai na ji gudu. Na ji gardin yana cewa, "Ku ja baya, tana huci. Kun ga dafin? Fari ne, wannan tsohuwa ce. Kada ya taɓa idon kowa." Ya fara kirari yana watso wani gari cikin ramin, mai yaji kamar barkono. Wani ya leƙo ya ja da baya da sauri ya ce ya ga kanta, baƙi ne, yana ƙyalli, ya kai girman ƙwarya. Hular kwanona ke nan. Wani ya ce a kawo kara da ashana.

Jin an ambaci ashana ya sa na samu muryar da na fi shekara ina nema. Na share fuska, na yi atishawa, na ce, "Salamu alaikum."

Shiru. Kazar ma ta yi shiru. Can sai na ji muryar Alhaji Buba, a natse, tunda sallama dole a amsa ta ko daga ina ta fito.

"Wa alaikumus salam. Mutum ko aljan?"

"Mutum ne, Baba. Barka da asuba. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Wane ne?"

"Ɗan gidan Malam Jauro ne, na Dutse."

Kawuna suka fara bayyana a bakin ramin ɗaya bayan ɗaya. Tarbiyya ta ce in durƙusa in gaida manya, to amma ina ƙasa da tafin ƙafarsu, ban san ina zan ƙara sauka ba. Na dai dunƙule hannu na ɗaga daga ƙarƙashin keken. Gardin ya ce, "Allahu akbar, ta amayo shi da rai." Baffa ya leƙo, ya gan ni, ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki. Har yau ban sani ba ko kuka yake ko dariya.

Aka zuro igiya. Kazar aka fara fitarwa, sannan keken, sannan ni. Wani dattijo ya kama keken ya gangara da shi a kan rairayi, kowa ya sunkuya ya dubi abin da ya bari a baya. Sannan suka dubi takalmina na hagu. Na tsaya a tsakiyarsu, farin ruwa yana ɗiga daga gemuna, ina roƙon Allah a mayar da ni ramin a rufe.

Alhaji ya tako har gabana. "Me kake nema a bayan gidana?"

Na ce, "Motsa jiki nake, Baba."

"Motsa jiki." Ya gyaɗa kai. Ya nuna gindin dangar da sandarsa. "To nan da kake tsayawa ka daɗe, wace gaɓa kake motsawa?"

Na sunkuyar da kai. A cikin gidan, bayan dangar, na ji mata sun kasa riƙe dariya, har wata tana tari. Na gane tarin.

Allah ya saka wa Baffa da alheri. Ya sauke rawanin daga bakinsa, ya gyara tsayuwa, ya ce, "Alhaji, wannan mesar tamu ce, mu muka yi sakaci da ita. Ka ba mu izini bayan la'asar mu zo da ita ta ƙofa, ni da 'yan'uwana. Akwai abin da take nema a gidanka, bakinta ne ba ya buɗuwa."

Alhaji ya daɗe yana kallona, daga hular kwano har takalmi. Sannan ya ce, "Ya fara cike ramin tukuna." Ya juya zai tafi, ya ƙara da cewa a gaya wa mai motar Garki ya yi tafiyarsa. Kafaɗunsa suna rawa har ya shige zaure, ranar na kusa ganin haƙoransa.

Na cike ramin ni kaɗai, cikin shadda, jama'a suna zaune a inuwa suna ba ni shawara. Gardin bai yarda ya yi kuskure ba. Ya ce mesar gaskiya tana nan, maganinsa ne ya kore ta, ni tsautsayi ne ya biyo da ni hanyarta, kuma har yau akwai masu gaskata shi. Kajin da suka ɓata aka ɗora mini. Akuyar Goggo Hajjo ta warke a ranar, wannan ma aka ce ni ne.

Da aka ba ni izinin zance, ranar farko na zauna a zaure ina ta kame-kame, na fara ba Sa'ade haƙuri a kan tsoron da na jefa su. Ta gyara mayafinta ta ce, "Wane tsoro? Ai tun zuwanka na farko na gan ka ta ramin danga. Ranar da ka faɗi ma da gangan na yi tarin."

Na ce, "Kin sani, kika bari aka ɗauko gardi? Kika bari aka haƙa rami?"

"Har kayana na haɗa na Garki," in ji ta. "Na ce in mutum ya kasa yin sallama a ƙofar gidanmu, ba ni zan yi masa ba. Da ba ka yi magana ran nan ba, da na shiga motar."

Yanzu tana ɗakina a Limawa, kuma a ƙauyenmu ba mai kirana da sunan da aka raɗa mini sai Mesa, tsofaffi ma in na gaishe su sai su tambaye ni ya jan ciki. Masu sayen keke mai caji a ofis kan zo neman shawarar taya, ni kuma ba na rowa. Ina gaya musu su sayi mai faɗi saboda rairayi, mai kaurin gefe saboda nauyi, marar tib saboda tsidau. Sannan in ce kafin su biya, su gangara da ita a ƙasa su kalli sawun da kyau, su tambayi kansu ko za su iya tsayawa gaban dattawa su ce nasu ne. In kuma akwai gidan da suke zagayawa, su yi sallamar tun suna saman ƙasa, don na gwada ta daga cikin rami, ana amsawa, amma sai an fara fitar da kaza.